Sabbin taragun jirgin ƙasa: me ya sa ba a ɗaukar fasinja da zarar sun iso? Tambayoyi da amsoshi

Ni ɗan Ngaundare ne a Kamaru, gidanmu ba shi da nisa da gar, wato tashar jirgin ƙasa, kuma kawuna ya yi aikin duba taragu tun zamanin Regifercam, tsohon kamfanin jirgin ƙasa na gwamnati, kafin kamfanin Camrail ya karɓi layin a 1999, to kusan a bakinsa na koyi abin da na sani na jirgin ƙasa, sauran kuma karance-karance ne da yawan tambaya. Duk sanda hoton sabbin taragu ya fara yawo a WhatsApp ana sauke su daga jirgin ruwa, ko a Duwala ne ko Dakar ko Legas, tambayoyin da mutane ke yi kusan iri ɗaya ne, wasu da tsokana wasu kuma da gaske suke son sani. Ga su nan na tattara.

Abu sabo fil daga kamfani, gwajin me kuma za a yi masa?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi min. Mutane suna auna tarago da mota ne, ka je ka biya kuɗi a ba ka makulli ka tayar ka wuce. Amma motar nan da ka saya an riga an ƙera irinta dubbai, an gama gano laifinta a jikin wasu tun kafin ta zo hannunka. Tarago kuwa ɗinki ne, kamar ka kai wa tela shadda ya auna ka. Kowace ƙasa da faɗin layinta, da tsayin dakalin da fasinja ke tsayawa a tasha, da irin kwanar da layin ke yi, da gadoji, da zafi ko sanyin garin. Kamfani zai ƙera maka guda ashirin ko arba'in ne kawai a kan ma'auninka, to dole a saka a gani ko ta zauna a jiki.

Gwajin iri biyu ne. Akwai wanda ake yi wa na farko da ya fito, shi ne mai wahala, a nan ake tabbatar da cewa tsarin ƙirar gaba ɗaya daidai ne. Akwai kuma wanda ake yi wa kowane ɗaya bi da bi, don a ga ko shi ma an haɗa shi yadda aka haɗa na farkon.

A ina ake fara gwajin, can ko nan?

Can ake farawa, tarago na tsaye ma bai motsa ba. Za a ɗora shi a sikeli a auna nauyin da ke kan kowace ƙafa, domin in gefe ɗaya ya fi nauyi, ƙafar da ba ta da nauyi ita ce za ta iya hawa kan ƙarfen layi a kwana ta fita. Za a shigar da shi wani ɗaki a yi ta feshinsa da ruwa kamar ruwan Agusta, mutane na ciki da tocila suna neman inda ya yoyo. Ƙofofi a yi ta buɗewa ana rufewa, wuta, na'urar sanyi, banɗaki, duk a bi su. Gangar jikin ma ta farko sai an matse ta da injin an ga irin ƙarfin da za ta iya jurewa in aka yi karo.

Daga nan sai layin gwaji. Akwai wurare da aka gina don wannan aikin kaɗai, layi ne da ya zagaye kamar zobe jirgi ya yi ta kewayawa ba fasinja ba kowa, irin na Velim a ƙasar Cek, da Wildenrath a Jamus, da Pueblo a Amurka. A Biyana babban birnin Ostiriya kuma akwai wani katafaren ɗaki da ake shigar da tarago ɗungurungum a sakar masa sanyi har digiri 45 ƙasa da sifiri, ko zafi har digiri 60. Na ce da abokina ɗan Kusiri ai su ba sa buƙatar wannan ɗakin, a kawo musu taragon a watan Afrilu su ajiye shi a rana kawai.

Yaya ake kawo su, tunda ba za su taho da ƙafarsu ba?

A jirgin ruwa. A wurinmu tashar Duwala ce ƙofa domin nan ne layin dogo ya shiga har bakin ruwa, sai a sa ƙugiya ta ɗago tarago a hankali a sauke. Wani lokaci gangar jikin daban take zuwa, ƙafafun daban, sai an zo nan a ɗora. Tafiyar teku kuma ba wasa ba ce, makonni ana jijjiga ga iskar gishiri, shi ya sa da an sauke ake sake dubawa tun daga farko, ko wani abu ya kwance, ko waya ta tsinke, ko tsatsa ta kama wani wuri. Babban garejin jirgin ƙasa na Kamaru yana unguwar Bassa a Duwala, irin wannan aikin wurinsa ke nan. Saboda haka ranar da ka ga hoto ana tafi a bakin ruwa, ranar aikin ya fara, ba ranar ya ƙare ba.

Me zai hana a sayo daga Najeriya ko wata ƙasa da take da su a ajiye?

Ba za su hau layinmu ba. Tsakanin ƙarfen layi biyu a Kamaru mita ɗaya ne cif, milimita 1000. Tsohon layin Najeriya wanda ya je Kano da Nguru milimita 1067 ne, sabon kuwa irin na Abuja zuwa Kaduna milimita 1435. Ka ga tsakaninmu da tsohon na Najeriya bai wuce faɗin yatsu huɗu ba amma ya isa ya hana.

Kuma ba faɗin layi kaɗai ba, akwai faɗin jiki da tsayi. Kada ku ɗauka wannan shirmen sai a Afirka, a 2014 Faransa da kanta ta wayi gari sabbin jiragen da ta yi oda sun yi faɗi a tashoshi da yawa, sai da aka bi dakalin tasha wajen 1,300 ana ragewa. A 2023 kuma a Sifen aka gano jiragen da aka tsara wa wani layi na arewacin ƙasar, wanda shi ma mita ɗaya ne irin namu, ba za su shige ramukan duwatsun da layin ya ratsa ba. Allah ya taimake su ba a riga an ƙera ba, amma duk da haka sai da shugaban kamfanin jirgin ƙasarsu ya sauka daga kujera. To shi ya sa a gwajin farko kan layi za ka ga an manna wa tarago wani abu kamar soso a gefe da sama, ana tafiya a hankali ana leƙen ko ya gogi wani abu.

An ce wai buhunan yashi ake lodawa a ciki, gaskiya ne?

Gaskiya ne. Yashi, ko duro cike da ruwa, ko ƙarafa, a jera su kan kujeru da ƙasa daidai nauyin mutanen da taragon zai ɗauka in ya cika maƙil. Domin tarago ba kowa da tarago cike halinsu ba ɗaya ba ne, birki daban, lilo a kwana daban, yadda yake zama a kan sifirin ma daban. Ba za a gwada da 'yan adam ba ai.

Ni dai in da za a tambaye ni sai in ce wanda zai lissafa nauyin fasinjanmu ya zo gar ɗin Ngaundare da yamma ya tsaya ya kalla tukuna. Bature yana lissafa mutum da 'yar jakarsa, mu kuwa hajiya guda za ta zo da akwati uku, ga buhun albasa daga Marwa, ga kilishi na tsaraba, ga jarkar zuma da za a ƙara a Ngaundal, duk wai za ta kai wa 'yarta a unguwar Birketari ta Yawunde.

Wane gwaji ne ya fi kowanne muhimmanci?

Birki. In ka tambayi duk wanda ya yi aikin layi abin da zai ce maka ke nan, tayar da jirgi ba shi ne aiki ba, tsayar da shi ne.

Ƙafar jirgi ƙarfe ce a kan ƙarfe, ba roba a kan kwalta ba, shi ya sa kai ɗaya yake iya jan kaya mai yawa haka, kuma shi ya sa in yana gudu aka taka birki sai ya ci ɗaruruwan mitoci kafin ya tsaya. Birkin da aka fi amfani da shi a duniya na iska ne, asalinsa daga wani Ba'amurke George Westinghouse wanda ya fito da shi a 1869 ya kuma gyara shi daga baya. Dabarar tana da kyau ƙwarai. Akwai bututu guda da ya taso daga kan jirgi ya bi ta kowane tarago har na ƙarshe, cike da iska. Muddin iskar tana cike birki a sake yake, da direba ya rage ta sai kowane tarago ya damƙe ƙafarsa da kansa. Wato ko jirgin ya tsinke gida biyu, bututun ya yage iska ta fice, duka ɓangarorin biyu za su tsaya ba sai wani ya taɓa komai ba.

Amma fa wannan sai in kowane tarago birkinsa na aiki, kuma sabon da tsohon suna jin yaren juna. A nan gizo ke saƙa, domin sabon tarago ba shi kaɗai zai yi tafiya ba, za a haɗa shi da kan jirgin da wani kamfani daban ya ƙera a wata ƙasa daban shekaru da suka wuce. To a gwaji sai an auna nisan tsayawa a gudu kala-kala, ba kaya da kuma cike da yashi, layi a bushe da kuma a jiƙe, har ruwan sabulu ake fesa wa layin da gangan don ya yi santsi. Sannan uwa uba gangara mai tsawo, inda birki ke ɗaukar zafi. Ngaundare tana sama da mita 1,000 a kan tudun Adamawa, Duwala kuwa bakin teku take, kowa ya san me wannan ke nufi.

Ina yaro kawu ya taɓa tafiya da ni wajen aikinsa da magariba kafin jirgin Yawunde ya tashi. Yana riƙe da guduma mai doguwar ƙota da fitila, yana bin taragu ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwanƙwasa ƙafa ya karkata kunne, lafiyayya tana yin ƙara ƙal kamar ƙararrawa, mai tsaga kuwa muryarta a dishe take. Sai ya ɗaga fitila, can gaba direba ya kama birki, shi kuma ya bi yana tura takalman birkin da ƙafa ya ga sun damƙe, a saki ya sake bi ya ga sun saki. Na gaji na ce kawu ai jiya ma ka duba. Ya ce, ɗana, jiya na duba na jiya.

Abin da ya faru a Eseka ranar Juma'a 21 ga Oktoba 2016 babu ɗan Kamaru da ya manta. Hanyar mota tsakanin Yawunde da Duwala ta yanke da safiyar ranar, jama'a suka yi ca a tashar jirgi, aka ƙara taragu, jirgin ya kauce daga layi a gangaren shiga Eseka, mutum 79 suka rasu a ƙidayar hukuma, ɗaruruwa suka jikkata. Rahoton binciken da gwamnati ta fitar a Mayun 2017 ya ce jirgin yana gudun kilomita 96 a awa a inda aka ƙayyade 40, ya kuma ambaci lodi fiye da kima da matsalar birki a wasu taragun. Kuma taragun nan ba tsofaffi ba ne, 'yan shekaru kaɗan suka yi da zuwa daga Sin. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Jirgin fasinja mai sauri tsakanin biranen biyu bai dawo ba sai 2021.

Muna ganin jirgi yana ta kai da kawo ba kowa a ciki, ba ɓarnar mai ba ce?

A'a, wannan shi ne matakin kusa da ƙarshe, masu Faransanci na ce masa marsh a blan. Jirgi zai bi jadawali sak kamar yana aiki, ya tsaya a kowace tasha, ya buɗe ƙofa ya rufe, ya tashi a kan lokaci, sai dai ba fasinja. A yarjejeniyoyi da yawa ana sa sharaɗin sai ya yi kilomita kaza ko kwana kaza ba tare da wata babbar matsala ba, in ta faru a tsakiya a gyara a koma ƙirga daga farko. Wannan komawa farkon shi ke cinye watanni, shi ne kuma ke sa 'yan siyasa haushi domin an riga an faɗa wa jama'a rana.

A lokacin ne kuma direbobi ke saba hannu, makanikai su koyi inda komai yake, masu tasha su gwada yadda za a fitar da mutane in wuta ta kama.

Dubi Senegal. Jirgin TER na Dakar, wanda ke jigilar ma'aikata tsakanin Dakar da Diamniadio kilomita 36, jirage 15 kamfanin Alstom ya ƙera masa. An yi biki shugaban ƙasa ya hau a Janairun 2019, amma talaka bai sa ƙafa a ciki ba sai Disamban 2021. Ba gwajin taragu kaɗai ya ja wannan lokacin ba, aikin layin da tashoshin ma bai kammala ba a ranar bikin, amma dai ka ga bambancin ranar hoto da ranar aiki.

Wai menene bambancin irin wannan jirgin na cikin gari da namu na dare?

Namu na Ngaundare zuwa Yawunde tafiya ce ta sama da kilomita 600, ka shiga da yamma ka kwana a ciki, mai hali ya kama kushet, wato gadon kwana na cikin tarago, ya miƙe, sai ka ji ana tallar ayaba da rogo ta taga a Belabo cikin dare. Na cikin gari kuwa irin na Dakar ko Legas, mutane ne ke shiga da safe su tafi aiki su dawo da yamma, tsayawa kowane 'yan mintoci, rabi a tsaye suke. To a gwajinsa ƙofa ce ke shan wahala, domin ƙofa ɗaya in ta maƙale duk jiragen da ke baya sun tsaya. Ana gwada ta har da sa wani abu a tsakani a ga ko za ta ji ta koma, kada ta datse hannun yaro ko gefen mayafi, kuma jirgin bai kamata ya iya motsawa ba muddin akwai ƙofar da ba ta kulle ba.

Wa ke cewa an gama, a fara ɗaukar mutane?

Mai saye ne ke sa hannu ya karɓa, bayan injiniyoyinsa sun gamsu, sannan hukumar da ke kula da sufuri ta ba da izini. Karɓar ma hawa biyu ce. Ta farko ta wucin gadi, ana haɗa ta da takardar ƙananan laifuffukan da kamfani zai gyara, kuma mai wayo yana riƙe wani kaso na kuɗin. Sai garanti ya ƙare a yi karɓar ƙarshe. In ka biya duka tun kaya na kan teku, to ka zama mai roƙo.

In an yi duk wannan, shikenan ba zai ba da matsala ba?

Ina fa. Akwai laifin da ba ya fitowa sai an yi shekaru ana tafiya. A Washinton babban birnin Amurka, a Oktoban 2021 wani jirgin cikin gari ya sauka daga layi, da aka bincika aka ga ƙafafun sababbin taragunsu suna matsawa a kan sandar da ke riƙe su, dole aka janye duka 748 a lokaci guda, fiye da rabin abin da suke da shi. Waɗannan kuwa an gwada su iya gwaji.

Abin da ya fi damuna ni shi ne bayan biki. Kayan gyara, su ne ke kashe tarago a ƙasashenmu, wani ɗan ƙaramin abu na na'urar sanyi zai lalace babu irinsa a kasuwa, sai a ciro daga wani taragon, shi ma wancan a ciro masa daga wani, kafin ka ankara uku suna kwance a gareji an cinye su. Dole tun a yarjejeniya a sa kayan gyara da horar da makanikanmu. Sannan layin kansa, ka ɗora sabon tarago a tsohon layi jijjiga za ta tsufar da shi da wuri, shi ya sa aikin sabunta kilomita 330 na tsakanin Belabo da Ngaundare ya fi min sabon fenti muhimmanci. Mu ma fasinja da namu laifin, a toshe banɗaki da leda, a ɓalle makunnin fitila, a yanka kujera da reza.

Mu na Garwa da Marwa da Njamena da ba mu da layin dogo, ina ruwanmu?

Da ruwanku mana. Tun 1974 da layin ya iso Ngaundare nan ya tsaya, Cadi kuwa ba ta da layin dogo ko taku ɗaya, amma kayan da ke zuwa Njamena daga Duwala da yawa a jirgin nan suke hawa kafin a juye su a manyan motoci, shanu da auduga kuma su gangara kudu. Ɗalibi daga Marwa da zai je Yawunde, mai jinya, ɗan kasuwa, duk sai sun kwana a motar ajans, wato bas ɗin kamfanonin sufuri, sun zo sun kama jirgi a nan. Maganar miƙa layin zuwa Njamena an daɗe ana yinta. In Allah ya nuna mana ranar, taragon da zai ratsa can sai an gwada shi da ƙurar hunturu da zafin bazara na can, domin wanda ya yi lafiya a dajin Belabo ba lallai matatar iskarsa ta kai sati a Kusiri ba ta toshe ba.

Za a iya roƙa a hau lokacin gwaji, ko don a ɗauki hoto?

Ba a yarda ba, ko kana da ɗan uwa a ciki kada ka sa shi a matsala, ma'aikatan gwaji ne kawai da na'urorinsu. Wanda ya kamata ya kula da lokacin gwaji shi ne mai gida ko gona ko garke kusa da layi. Mun saba da lokutan jirgi, kowa ya san sanda na safe ke shigowa da sanda na yamma ke fita, yara na wasa a kan layi a tsakani, makiyayi ya tsallaka da shanu hankali kwance, mai moto ya kutsa. Jirgin gwaji kuwa ba shi da lokaci, zai iya ɓullowa da azahar ko ƙarfe biyun dare, ya wuce ya tsaya ya dawo da baya, kuma sabo ba ya ƙara irin ta tsoho balle ka ji shi daga nesa. In an sanar a rediyo ko a masallaci cewa ana gwaji a yankinku, a ja wa yara kunne, a kuma samu wanda zai kai wa Fulanin da ke mashekari saƙon.